Karan Dafin da Aka Yi wa Addu'a

Salama gare ku, 'yan'uwana mata, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya riƙe ni har na ga safiyar yau.

Ku yi haƙuri, a zaune zan karanta. Na rubuta ne domin in na ce da ka zan yi, numfashi zai yanke mini a tsakiya in manta inda na tsaya. Da furfura a kaina na koyi rubutu, a ajin manya na nan bayan coci, to in na yi tuntuɓe ku jira ni.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Saratu ta Kagarawal, mai sayar da wake a kasuwar hatsi a da.

In akwai wadda ta zo jin cewa ƙodata ta dawo sabuwa, gara ta sani tun yanzu, ba ta dawo ba. Duka biyun sun daina aiki, inji ne yake wanke mini jini. Amma Ubangiji ya fisshe ni daga wani abu, kuma yau ɗin nan ya kamata in faɗa. 'Yar'uwarmu Briskila, mai buga mana tulu a waƙa, tana kwance a gida, likita ya ce irin ciwona ne. Jiya 'yata Rahila ta leƙa kicin ɗin coci ta ga damin karan dafi da gwangwanayen tumatir. Aka ce mata na Briskila ne, yau in an tashi za a kai mata. Na san yanzu haka tukunyar tana kan wuta. Shi ya sa na roƙi a ba ni wuri kafin ku fita ƙofar nan.

Ni da gajiya ya fara mini. Ni da nake jan buhu ni kaɗai, sai na koma in auna mudu kaɗan in nemi wurin zama. Matakalar cocin nan ta zame mini kamar hawan dutsen garinmu Tula. Tafin hannuna ya yi fari fat. In na ja fatar idona a madubi, ba ja ko kaɗan. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunne kamar ana daka a maƙwabta. Ƙafafu suka kumbura har silifa ya ƙi shiga. Na daɗe da hawan jini, sai na ɗauka shi ne ya haɗu da tsufa.

Rahila ce ta ja ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka shafa mini wani mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Likitan yaro ne, bai kai Rahila ba. Ya ce ƙodojina sun ƙanƙance, saura kaɗan a aikinsu.

Na ce masa, ɗana, ni jini na rasa, me ya kawo ƙoda cikin maganar?

Ya gyara zama ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce ƙoda ba fitsari kaɗai take tacewa ba, ita ce take aika wa ɓargo saƙo ya yi jini. In ta lalace saƙon ya tsaya, ko na cika cikina da duk abin ƙarin jini na duniya, ba mai cewa a ɗora tukunya. Ya ce in jini ya yi ƙaranci, zuciya ce take shan wahala, sai ta yi ta gudu don ɗan abin da ya rage ya zagaya jiki, ga kuma ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa ya ƙara mata kaya. A haka take kumbura, ta yi kauri, ta gaji.

Ya ce, “Mama, masu ciwon ƙoda da yawa ba ƙodar ce take kai su ƙasa ba. Zuciya ce.”

Ya rubuta mini allurar da za ta riƙa kai saƙon nan a madadin ƙoda. Ya ce ruwan sha ma da awo zan sha. Ya hana ni tumatirin gwangwani, da ruwan ganyen da aka matse, da madara mai yawa, da miyar toka, da duk wani jiƙo. Ya ce akwai wani irin gishiri a cikinsu, mai lafiya yana fitsarar da shi bai ma sani ba, ni kuwa taruwa zai yi a jinina, ranar da ya yi yawa zuciya ta tsaya ba sallama. Na ji shi sarai. Kada wata ta ce ba a gaya mini ba.

Ran Lahadi Fasto ya sanar a sujada cewa Mama Saratu tana fama da ƙoda, jininta ya yi ƙasa sosai. Ya faɗi ƙoda, an gaya mini ya faɗa. Amma jini kunnuwanku suka kama, domin jini ne muka iya gyarawa.

Wace ce a nan ba ta san haɗin ba? A dafa karan dafi har ruwan ya yi ja wur. A matse ganyen ugu da zogale. A kaɗa tumatirin gwangwani da madara da lemon malti. Ni kaina na ɗauki jarkar haɗin nan a ka na kai gidaje ba iyaka. Lokacin da na haifi ƙanin Rahila na zubar da jini har na daina gane mutane, Lidiya ce ta yi ta ɗura mini shi har na miƙe. To ba zagin maganin nake yi ba.

Lidiya, uwar zumuntarmu, baƙi ba ku san abin da ke tsakaninmu ba. Tare muka shigo Gombe muna amare, gidan haya ɗaya a unguwar Shamaki, murhu ɗaya. Ita ta goya Rahila. Ranar da maigidana ya rasu ita ta ɗaura mini zane, domin hannuna ya kasa.

Ita ta tsara ziyara, kowace ƙungiya da ranarta. Kun kuma san yadda muke yi. Ba ma ajiye jarka mu tafi. Sai mu yi waƙa, mu ɗora hannu a kan jarkar, mu yi addu'a, a zuba a kofi, a zauna ana kallon mara lafiya har ta shanye, sannan a ce amin.

Ranar farko Lidiya ta miƙo mini kofinta na silba, mai lotsewa a gefe. Na ce mata likita ya hana ni fa.

Ta ce, “Likitan da aka haifa jiya? Ke Saratu, yaushe kika fara tsoron yara? Sha, an sa sunan Yesu a ciki.”

Mata suka yi dariya. Ni ma na yi. Na sha.

Ku da kuka san ni a kasuwa, kun san ba dillalin da ya taɓa sa ni yin shiru. Amma wannan dabam ne. Mata sun tako cikin rana tun daga Shamaki da Jekadafari, gumi ya jiƙa musu zanen zumunta, wata ta hana 'ya'yanta madarar ta kawo mini. Sun yi addu'a har da hawaye. In na ture kofin, me na ture? Hannunsu ne ko addu'ar? A raina na ce kofi ɗaya ba zai kashe ni ba. Washegari wata ƙungiyar ta zo da nata kofin, su ma ba a son a ce an sha na wasu an ƙi nasu. Kafin su tafi kuma sai su bar sauran jarkar, su ce za su tambaya ko na shanye.

Rahila malamar makaranta ce, ba ta gida da rana. Da ta ga bakin kofi ya rine ja, ta tafi ta samu Lidiya da ladabi. Lidiya ta ce mata tun ba ta san hannun damanta ba ita Lidiya take jinyar uwarta, ta je ta ji da ɗalibanta. Yarinya ta dawo tana kuka. Ba ta iya mayar wa wadda ta goya ta magana ba.

Jinin bai ƙaru ba. Kumburin ne ya ƙaru. Ya hau daga ƙafa zuwa cinya, fuskata ta zama kamar ba tawa ba. Kwanciya ta gagare ni, in na miƙe a katifa sai in ji kamar an danna kaina cikin randa. A kujera nake barci. Da kuka ga haka kuka ce magabci ne yake faɗa da maganin, aka ƙara wa haɗin kauri.

Wata safiya na tashi zan je bayi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Leɓɓana suna ta yi mini yam-yam kamar tururuwa na yawo a kansu. Dakan nan na cikin kunnena ya canza, ya buga, ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya sake bugawa, kamar injin niƙa in mai ya kusa ƙarewa. Na kira Rahila, muryar ba ta fita ba. Allah ya sa ranar Asabar ce tana gida, faɗuwar kujera ta ji.

Ban san yadda aka sa ni a Keke Napep ba. Abin da na tuna, fitilu a kaina, ana yanka mini riga, ana soka mini roba a wuya. Na ji wata nas tana cewa a yi sauri, matar nan tana tafiya. Ranar aka fara haɗa ni da injin wankin ƙoda, ba a kuma raba mu ba har yau.

Da na farfaɗo likitan ya tambayi abin da nake ci da sha. Rahila ta lissafa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye biro ya dube ni ya ce, “Mama, wa ya ƙi ki haka?”

Na ce masa ba wanda ya ƙi ni, masu ƙaunata ne.

Na tambaye shi ko ɗan abin da ya rage na ƙodar zai dawo. Ya ce a'a. Na ce da ban sha ba fa? Ya ce Allah kaɗai ya san ko da ta ƙara kai ni shekara nawa, amma gishirin da ya samu a jinina ranar nan ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato.

Wahala ba ta tsaya nan ba. Wurin robar wuyan ya harbu, zazzaɓi ya kama ni, jinin da allura ta fara tarawa ya sake zubewa ƙasa. Likita ya ce akwai wani zafi da yake ci a cikin jikin mai ciwon ƙoda ko da ba rauni, kamar wuta a cikin ƙaiƙayi, ba harshe, sai ci a hankali. In ya tashi, jiki sai ya kulle ƙarfen da ake yin jini da shi a rumbu, ya hana ɓargo. Shi ne kuma yake cin jijiyoyin da suke ciyar da zuciya. Duk inda aka bi aka zagayo, a kan zuciyar nan kayan yake sauka.

A ɗakin wanki akwai wani tela, Malam Buba na Jekadafari, gadonsa kusa da nawa. Bafulatani ne siriri, mai barkwanci. In aka turo ni sai ya ce, “Dada, yau ma an kawo tsummokara wanki? Ki ce su sa miki bula.” Ni kuma in ce masa shi ko an wanke shi sau dubu ba zai yi auki ba. Mutumin nan yana bin doka tamkar soja. Da murfin kwalba yake shan ruwa. Ya ce mini nono da fura da ya tashi da su, yanzu sai dai ya shinshina ya mayar wa yara.

Wata rana na tarar da wata mata a gadonsa. Na tambayi nas, ta ce ya tafi. Yana zaune a shagonsa da rana tsaka, ƙafarsa a kan keken ɗinki, ya kifa kansa a kan yadin mutane. Zuciya ce.

Na dawo gida da wannan a raina. Wanda ya kiyaye ma ga yadda ta yi masa, balle ni.

Ban yi kwana nawa ba sai ga ku kun zo, zumunta kusan duka, tsakar gidana ya cika. A asibiti nas ta hana a shiga da jarka, to kun ce yanzu za a rama. Lidiya ce a gaba, jarkar ta fi ta da girma. Kuka yi waƙa, Briskila tana buga tulu, lokacin lafiyarta ƙalau a ido. Kuka ɗora hannu, kuka tsauta wa magabcin da ya kai ni bakin kabari. Lidiya ta cika kofin silbar ta sa mini a hannu, ta rufe hannuna da nata.

Ta ce, “Wancan karon magabci ya kusa cin nasara. Wannan karon ki shanye tas.”

Rahila tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta toshe bakinta da gyale.

Na ce ku bar ni ni ma in yi addu'a. Na rufe ido, na yi da ƙarfi kowa na ji. Na ce, Yesu, ga ni ga kofi. Ka san ban taɓa tsoron mutum a kasuwa ba, amma matan nan sun fi ƙarfina domin suna ƙaunata. In na sha, ka san inda za a kai ni. In na ƙi, zan rasa Lidiya. Na kasa zaɓa. Ka riƙe mini hannu.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri a shaidata ba. Abin da ya faru shi ne, hannun nan nawa da yake karkarwa tun daga asibiti, har cokali ba ya tsaya mini, sai ya tsaya cak. Ya sauka a hankali ya ajiye kofin a ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Kunyar da ta shaƙe ni tun ranar farko ta sake ni. Halleluya!

Na buɗe ido na ce ba zan sha ba, shi ne ya kusa kashe ni.

Lidiya ta ce, “Wato mu ne muka kusa kashe ki.”

Na ce, “Ba da niyya ba. Amma i.”

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗauki jarkar, ta fita. Ko kofin ba ta waiwaya ba. Sauran kuka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wata ta ce Allah ya ƙara sauƙi daga bakin ƙofa.

Tun ranar Lidiya ba ta ƙara taka gidana ba. A coci mukan gaisa kamar waɗanda suka haɗu a mota. Ziyara ta ragu. Ya dawo kunnena wai inji ya wanke wa Saratu bangaskiya tare da jini. Ban bi ba'asi ba, wadda ta faɗa ta san kanta.

Ga inda nake yanzu. An nuna mini hoton zuciyata, ta yi girma, ba za ta koma ba. Ana yi mini allura, ana sa mini ƙarfen jinin ta ƙarin ruwa. Tafin hannuna ya ɗan yi launi. Ina hawa matakalar nan in na huta a tsakiya. Ƙishirwa ba ta barina, in na ga yaro yana kwankwaɗar ruwan leda sai in kau da kai. Ban sani ba ko zan ga Kirsimeti. Wata rana ni ma za a tarar da wata a gadona. Amma ba kofin nan ne ya kai ni ba, kuma duk ranar da na samu tun daga lokacin, Yesu ne ya ba ni. Na gode masa.

Yanzu ku ji ni a kan Briskila. Ƙodarta da saura, ba a fara mata wanki ba. Yaranta ƙanana ne, na ƙarshen bai shiga makaranta ba. Kun san halinta, ba ta iya kallon babba a ido. Duk abin da kuka zuba mata za ta durƙusa ta shanye, ta yi godiya. Ni mai bakin nan na sha, balle ita.

Ban ce kada ku je ba. Ku je, dukanku. Ku je hannu sake. Akwai shara a gidan, akwai wankin yara, akwai layin asibiti da mutum yake bi har ya suma ba mai riƙe masa jaka. In likita ya ce tana bukatar jini, masu ƙarfi a cikinku ku miƙa hannu a gwada, wannan ne jinin da zai shige ta. In addu'a kuke so ku ɗora wa wani abu, ku ɗora wa allurarta. Sunan Yesu ba a jarka kaɗai yake zama ba. Abin da ke kan wuta kuma kada ya lalace, akwai masu jego a cikinmu da ƙodarsu lafiya lau, ku kai musu.

Lidiya, na san inda kike zama, layin gaba wajen taga. Ba na ganin fuskarki sosai daga nan, idona ya yi rauni. Ke kika raya ni da abin nan sau ɗaya, ban manta ba, ba zan manta ba. Amma jikin da kika raya wancan lokacin yana da ƙoda. In ke kika ce a sauke tukunya, ba wadda za ta yi musu. In ba ki ce ba, ba wadda za ta ji ni.

Kofinki yana wurina. Na wanke shi tun ranar. Ban aiko ba domin a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan ba komai, ni kuma na rasa abin sawa. Jiya na sa Rahila ta kakkaɓe gindin buhuna na ƙarshe, farin waken nan da kike so na alale, na tsince shi da hannuna na cika kofin. Ga shi nan ƙarƙashin kujerata. Ba zan ba yaro ya kai miki ba. Ki zo ki ɗauka da kanki, sannan mu tafi gidan Briskila tare, in kin yarda ki jira ni a matakala.

'Yan'uwa, ku dogara ga Yesu ko da bai ba ku abin da kuka roƙa ba. Ni sabuwar ƙoda na roƙa, ya ba ni hannu mai ajiye kofi. Wanda ya sauke mini hannu ranar nan, tukunyar bayan coci ba ta fi ƙarfinsa ba.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.